Rodin da Baba Ya Bari

12 ga Mayu

Zuwa ga yayana Safwat, Abu Midhat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Kuwait, da ciwon bayan nan naka da ba ka so a ambata. Mu nan lafiya lau. Umma tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa. Maigidana Fikri da yaran, Nirmin da Duha, suna gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, ko da yake na san ba ka nema ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tunda ka toshe lambata a kan maganar gininka, ka kuma sa matarka Sana'a ta toshe, na ce bari in koma irin ta zamanin Baba. Wagdi ɗan Kawu zai koma bakin aiki jibi, shi zai kawo maka. Na san halinka: za ka yi tsaki ka cusa ta ƙarƙashin katifa, bayan kwana biyu ka ɗauko ka karanta sau uku.

Maganar rodi ce. Ranar Lahadi muka zagaya unguwar Nasim da mutanen ofishin tsara gari, muka tsaya gaban gidanka, fili na ɗaya a layi na ɗaya. Na ɗaga kai, sai ga rodi tsaitsaye a kan kowane ginshiƙi, sun fi mutum tsayi, alhali an riga an zuba rufin hawa na uku. Mu shida ne. Can shugabanmu, Ustaz Rif'at, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Ma sha Allahu, Injiniya, wannan kuma gidan wane bawan Allah ne?" Ya fi ni sanin gidan wa ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Yaya, hawa uku ne ƙa'idar unguwar nan, kuma da hannunka ka sa hannu a kai ranar da ƙuri'a ta ba ka filin. Kada ka ce ba ka karanta ba, ni na karanta maka a waya kana ce mini "to, to, to."

Ba ka taɓa tambayata abin da nake yi a ofis ba, don haka yau za ka ji ko ba ka so. Shekara huɗu da suka wuce aka aiko mana da wani littafi daga ma'aikata a Alƙahira, shafi ɗari biyu da wani abu, wai ƙasa za ta rage shan wuta, sababbin unguwanni su daina cin lantarki kamar ba gobe. Kalamai ne masu daɗi zalla. Babu inda aka ce ga faɗin lungu, ko ga inda taga za ta kalla. A ofishinmu ma tiren shayi aka riƙa ɗorawa a kansa har bangon ya yi zobe-zobe. Ni ce sarkin karambani da na ɗauke shi na ce sai na mayar da shi bulo da siminti.

Shi ya sa lungunan Nasim suka miƙe daga arewa zuwa kudu, matsattsu, don gidaje su yi wa juna inuwa, iskar arewa kuma ta samu hanya. Shi ya sa tagogin yamma ƙanana ne, rufi fari, da faifan sola da tankin ruwan zafi a kai. Kowane gida yana da kafar iska a sama tana kallon arewa, irin ta gidan kakanmu da kuke wa dariya kuna cewa kunnen jaki. Duk wannan a kan abu guda ya rataya: kada wani gida ya fi wani tsayi. Kai kuma naka ne a bakin arewa. Ka ƙara hawa biyu, ka zama katanga. Gida goma sha ɗaya na bayanka iska ta yanke musu, maƙwabtanka na gabas da yamma kuma inuwarka ta kwanta a kan solarsu.

Na san dalilinka. Bikin Midhat yana watan Satumba, kana so in ya fara tara iyali ya hau samanka kamar yadda kowane ɗa yake hawa saman ubansa. Ni ma a garin nan aka haife ni, ba sai an yi mini bayani ba. Amma mutane tun tuni suke cewa ni na murɗa ƙuri'a na ba ka fili mafi iska, yanzu kuma kowa ya zuba ido ya ga abin da zan yi da rufinka.

An manna maka takardar gargaɗi, kwana sittin. Ka sa magininka ya yanke rodin da kansa, shiru, ba mai ji. In wa'adin ya cika, takardar yankewa sai da sa hannun injiniyan unguwa, kuma ka san wace ce. Don Allah kada ka kai ni nan.

Ka gaida Wagdi in ya iso, ka kuma riƙa shafa maganin bayan.

Ƙanwarka,
Afaf


18 ga Yuli

Yaya Safwat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aiki, da zafi. Mu ma lafiya, in an cire abin da ka aiko.

Amsarka ta iso. Ba ka rubuto ba, saƙon murya ka tura wa Umma, kai da ka san ba ta iya rage ƙarar waya ba. Ranar Juma'a ce, muna zaune gaban miyar lalo, ni da Fikri da yaran, ta danna tana murna ɗanta ya kira. Sai ga muryarka ta cika ɗaki: "Ki gaya wa 'yarki mai takardu, wadda ba ta haifi namiji ba ba ta san amfanin rodi ba. In zafi ne damuwarta, ni zan sa wa kowane gida esi, sana'ata ce. In kuwa ta sa hannu, wallahi ba ni ba ita, kuma kada in ga ƙafarta a bikin ɗana."

Umma tana ta danne-danne tana neman inda za ta kashe, sai ta sake kunna shi daga farko. Sau biyu muka sha. Nirmin ta ajiye cokali ta shige kicin, ba ta ƙara fitowa ba. Shekararta goma sha shida, Yaya. Kai ka yi mata kiran salla a kunne ranar da aka haife ta. Ni ka so ka soka, ita ka samu, kuma wannan ba zan yafe maka da wuri ba.

Maganar esi kuwa, daga bakinka ta fi ba ni haushi. Shekara ashirin da shida kana rataye a tagogin mutane kana gyara musu na'urar sanyaya ɗaki. Su suna ciki suna lulluɓa da bargo, kai kana waje inda take feso wuta. Duk duniya babu wanda ya kai ka sanin inda zafin yake zuwa. Ka jera su a lungu mai faɗin taku shida ka ga abin da zai faru. Kuma taransifomar Nasim ƙarama aka sa, daidai unguwar da ba ta buƙatarsu. A tsohon gari kullum da azahar sai an ɗauke wuta, Umma tana fifita da murfin tukunya. A Nasim tun shigowar zafi ba a ɗauke ba ko sau ɗaya, amma wannan ba ya cikin labarin da Sana'a take ba ka.

Ga abin da rodinka suka haifa. Da mutane suka ga wata biyu ba a taɓa ka ba, rufi goma sha bakwai sun tsiro da nasu. Wani ma da ya riga ya shafe kan ginshiƙansa, fasawa ya yi ya dasa sababbi. Na je yi masa magana, ya ce, "Injiniya, ki fara ta gida, mu muna bayan yayanki a layi." Sitt Bahiyya da ke bayanka, tsohuwar malamarmu ta firamare, ta hawo bene uku na ofis da sandarta ta same ni. Ka san mijinta asma gare shi, saboda iska suka bar gidansu na cikin gari. Ta ce, "Afaf, na koya miki lissafi, yanzu lissafa mini inda zan kai tsohon nan in ɗan'uwanki ya toshe mu." Na raka ta har ƙasa.

Wa'adinka ya cika ranar Talata. Ustaz Rif'at ya ajiye takardar yankewa a teburina da yatsa biyu kamar mai ajiye mataccen ɓera, ya ce ba gaggawa, sai dai kwamiti zai zo daga Alƙahira ƙarshen Agusta. In suka tarar da rodi, za su rubuta cewa tsarin bai karɓu ba, fili ɗari huɗu na kashi na biyu a yanka su kamar ko'ina, ni kuma a mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Yana faɗa yana murmushi. Bai taɓa son aikin nan ba, ya fi son tituna masu faɗi da ake ɗaukar hoto a kansu, kuma ga shi ka ba shi abin da ya rasa shekara huɗu.

Zan faɗi laifina, don kada ka ce ni waliyyiya nake mayar da kaina. Mun auna komai a unguwar nan, har faɗin taga da launin fenti, amma cikin mu tara da muka yi zanen babu wanda ya tambaya ina 'ya'yan masu gidajen za su zauna in sun yi aure. Dukanmu a ƙarƙashin rodi muka girma, har idonmu ya daina ganinsu. Mun rubuta "hawa uku" muka ɗauka magana ta ƙare. Wannan wautata ce, na kuma biya ta da sati biyar ina bin ofis-ofis, sai da na samo gyara: duk mai ɗa zai iya gina ɗaki biyu da kicin da bayi a tsakar gida ta kudu, da ƙofarsa daban. Na zana maka naka da hannuna, yana cikin ambulan ɗin nan. Midhat ya gani ya ce, "Gwaggo, ni ko'ina ne, amma kin san ba na iya ce wa Baba a'a."

Takardar yankewar tana cikin aljihun teburina, ban sa hannu ba. Kullum da safe sai na buɗe na kalle ta na rufe. Ina jin haushinka har abinci ba ya mini daɗi, kuma duk da haka ina jira ka kira magini.

Umma tana gaishe ka. Fikri bai ce a gaishe ka ba, ni ma ba zan yi maka ƙarya ba.

Afaf


25 ga Agusta

Abu Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Kafin komai, Umma lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na fara da wannan ne don na san Sana'a ta riga ta ba ka rabin labari, rabin da ya yi mata daɗi.

Na ji amsarka game da zanen, wai ɗanka ba akuya ba ne da za a ɗaure a tsakar gida. Na ji kuma an yi amfani da takardar an kunna gawayin shisha. Ba komai, ina da kwafi.

Ranar Alhamis ta makon jiya, bayan la'asar, Umma ta hau sama kwaso kwaɓin burodin da ta shanya a rana ya tashi. Tana can ta ji ƙara. Wani ɓangaren silin ɗakinta ne ya ɓallo, guntun kankare kamar girman tire, ya faɗo daidai kan matashin da ta ɗaga kanta daga kai ba a yi minti goma ba. Maƙwabta suka kira ni. Na tarar da ita zaune a matakala da faifan burodi a cinya, tana cewa a bar mata gadonta kada a taɓa, ita za ta share.

Na hau sama na duba, ko da yake tun daga ƙasa na san abin da zan gani. Rodin Baba ne. Ko ka manta da su? Ginshiƙi shida, rodi hurhuɗu, ashirin da huɗu. Shekarar da ka gama makarantar koyon sana'a ya zuba rufin nan ya bar su, ya tara maƙwabta aka sha shayi a sama, yana dafa ginshiƙan yana cewa nan ɗakin Safwat, nan falon Safwat. Ina da shekara goma sha biyu, ni na riƙa hawa da tiren. Ka tafi Kuwait ka ce sai ka tara. Da ka yi aure ka ce ba ka zama a lungun da mota ba ta shiga, ka kama wa Sana'a haya kusa da tasha. Baba bai yanke rodin ba. Duk shekara dai sai ya hau ya sake kifa kwalabe a kawunansu don kada tsatsa ta ci. Da ya rasu Umma ta ɗauka, da gwiwar nan tata. Sau uku ina ce mata a yanke su, sau uku tana korata.

Kwalba kan rodi take rufewa, ba gindinsa ba. Shekara talatin da ɗaya ruwan wanki da ɗigar tanki suna bin gindinsu suna shiga. Tsatsa ta kumbura a ciki ta tsaga ginshiƙin da ke kan ɗakinta tun daga sama har ƙasa. Na sa yatsa a tsagar ya shige.

Na sauko ban san yadda zan faɗa mata ba. Ita ta riga ni. Ta ce, "Yanke su, Afaf. Safwat ba zai dawo kansu ba. Na sani tun ranar da ya ci ƙuri'ar filin nan, ban dai faɗa ba ne." Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ta gasa in ɗauki burodi biyu in kai wa yara.

Ranar Asabar na kawo mai injin yankan ƙarfe, na tsaya a kansa har ya gama da na Baba, aka shafe wurin da siminti. Ranar Lahadi da safe na buɗe aljihun teburina na sa hannu a kan takardar yanke naka.  Ustaz Rif'at ya kalli takardar ya kalle ni, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," kamar mai ta'aziyya.

Talata aka yanke naka. Ana iya tura ma'aikata kawai, amma na je da kaina, don kada a ce na sa hannu na ɓuya. Unguwa duk ta fito. Sana'a tana baranda tana zuba mini abin da ta iya: "Mai baƙin ciki! Ki je ki haifi naki ki yanke masa!" Midhat ne ya buɗe mana ƙofar bene, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Awa biyu aka yi. An jera maka ƙarafanka a tsakar gida, babu wanda ya ɗauki ko guntu. Kafin Juma'a, goma sha huɗu cikin goma sha bakwai sun yanke nasu da kansu, ukun da suka rage an manna musu takarda. Kwamiti zai zo jibi ya tarar da fararen rufi.

Kada ka ɗauka murna nake. Sitt Bahiyya ta aiko mini da zoɓo mai sanyi har ofis, na kasa sha, masinja na ba. Na ga katin bikin Midhat a hannun mai gadinmu, har shi ya samu. Ni nawa bai zo ba, kuma ba zan tambaya ba. Rigar da na ɗinka tun Afrilu tana rataye a kabad, Duha za ta girma ta same ta. Ka rantse, na ji, ba zan sa ka yi kaffara ba. Umma za ta je, Fikri zai kai ta bakin ƙofa ya dawo.

Abu ɗaya ne ba zan haɗiye ba. Ka ce ban san amfanin rodi ba. Ni na zauna a ƙarƙashinsu har na yi aure, ni nake ganin Baba yana hawa da buhun kwalabe, ni na riƙe masa tsani shekarar da jiri ya fara kama shi. Kai kana aiko da turare da agogo. Babu mai gaya mini abin da rodi yake nufi a garin nan, balle kai.

Wagdi ya zo jana'izar surukinsa, zai koma ranar Laraba. Na ba shi wani ƙunshi ya kawo maka, zai ɗan yi nauyi, ka yi masa godiya. Guntu ne daga ginshiƙin kan ɗakin Umma, tsawon tafin hannu. Ka riƙe shi a hankali, yana zubar da tsatsa. Naka ne, don kai aka bar shi, ban ga dalilin da zai sa ya ci gaba da jiranka a nan ba.

Sauran kuwa, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo har ƙofar gida ya yi tayi. Umma ta kore shi. Ta sa an shigo mata da su ɗaki, ta naɗe su a tsohuwar jallabiyar Baba, suna ƙarƙashin gadonta.

Ka gaida Midhat in kun yi waya, ka ce Gwaggonsa tana yi masa fatan alheri, kuma zanen ɗakunansa yana nan duk ranar da ya so. Allah ya ba ka lafiyar bayanka.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Afaf